Kwamfiresar da ake haɗowa cikin amfilifayar bes, tana aiki kuwa ko ado ce kawai?

ɗan_narayi_bes:

Barkanku da yamma jama'a, dan Allah shawarar manya nake nema. Ni ne nake kaɗa bes a cocinmu nan Narayi, ƙarshen mako kuma in an samu biki muna fita da wata 'yar ƙungiya wajen Sabo, Romi, wani lokaci har Gonin Gora. To amf ɗin da muke da shi, wato amfilifayar, ya gaji, in na taɓa tsirkiyar E da ɗan ƙarfi sai sifikar ta hau ɓararaka, in kuma na haura D da G sai sautina ya nutse cikin kibod da ganguna babu ma wanda ya san ina wurin. Silaf kuwa, wato dukan tsirkiya da babban yatsa da fizgarta, ba a magana, ina farawa mai miksa zai fara hararata daga can baya.

Yanzu kwamiti sun yarda a sayi wani, na hannu dai, kuɗin ba za su kai sabo ba. Na zagaya na ga guda biyu. Na farko Hartke HA3500, wat 350, shi kai ne kawai sai an nemo masa akwatin sifika, kuma yana da nob ɗin kwamfiresa a gaba. Na biyu Peavey TNT 115, shi a haɗe yake da sifikarsa mai inci 15, mai shagon ya ce ai shi ma yana da kwamfiresa wai ita ce DDT ɗin da aka rubuta a jiki, kuma ya fi sauƙin kuɗi tunda ba sai mun sayi akwati ba.

Abin da nake so in sani, ita wannan kwamfiresar ta cikin amf tana wani aikin kirki kuwa ko dai an sa ta ne don a ƙara kuɗi? Wani abokina da ke kaɗawa a Barnawa ya ce in manta da ita wai nob ɗaya ba abin da yake yi sai shaƙe sauti, in ina so in sayi fedal daban. Wani kuma ya ce tunda ya samu amf mai ita shi da mai miksarsu ba su ƙara samun saɓani ba. Ni kuma kuɗin nan ba nawa ba ne na baiko ne, in na kwaso abin da bai yi ba ni zan tsaya gaban dattawa in yi bayani. A taimaka.

oga_sauti_kawo:

Barka kadai ƙanena. Ni ba makaɗi ba ne, kayan sauti nake bayarwa haya, kamu, dina, taron siyasa, wa'azi, duk inda aka kira mu, saboda haka abin da zan faɗa maka daga bayan miksa nake hango shi.

Mai shagon nan bai yi maka ƙarya ba amma kuma bai ƙarasa maka zancen ba. DDT ɗin Peavey tana can ƙarshe ne, wajen ɓangaren da ke tura wuta zuwa sifika, kuma ba ruwanta da sautinka sai lokacin da amf ɗin ya kai maƙura yana shirin fasa sauti, a nan ne take danne shi. Limita ce, aikinta kariya. Ta jikin Hartke kuwa a gaba take inda sauti ke shigowa, tana aiki ko da ba ka ƙure bolum ba, gwargwadon yadda ka murɗa ta. To ka ga abubuwa biyu ne daban, ɗaya tana tsare kaya ɗaya tana gyara yadda ake jin ka.

Yadda za ka gane aikin kwamfiresa a sauƙaƙe, ɗauka ka ajiye yaro ya riƙe maka nob ɗin bolum, in ka daki tsirkiya da ƙarfi ya yi wuf ya rage, da ƙarar ta lafa ya mayar inda yake. Shikenan fa, ba wani sihiri a ciki. Akwai iyakar da in sauti ya wuce ta take fara ragewa, akwai kuma yawan ragewar. In an ce reshiyo 4:1, ana nufin in ka wuce iyakar nan da desibal 4 to desibal 1 ne kawai zai fita, in ka wuce da 8 sai 2 su fita. Kuma ka lura da kyau, ita ba ta ɗaga ƙaramin sauti da kanta, babban take saukewa, kai ne daga baya za ka ƙara bolum gaba ɗaya sai ƙananan su taso su tarar da manyan. Abin da ya sa nake jaddada wannan, duk abin da ke ƙasa zai taso tare, har da guuuu ɗin nan na wuta da muke fama da shi a dakunan taro da yawa saboda ba a yi musu wayar ƙasa ba. Wanda jitarsa ke da hayaniya in ya cika kwamfiresa, duk lokacin da ya cire hannu daga tsirkiya sai ka ji hayaniyar ta cika ɗaki.

Tana da amfani? Wallahi tana da shi. In makaɗi ya zo min da amf mai ita ya sa ta kaɗan, ni hutu ne a wurina, na ajiye fedarsa, wato sandar bolum ɗinsa a miksa, wuri ɗaya na koma kan mawaƙa. Wanda ba shi da ita kuma hannunsa bai zauna ba, yatsana ba ya barin layinsa har a tashi, a ƙarshe in na gaji sai in sauke shi ƙasa gaba ɗaya don tsira da sifikuna, shi kuma ya tafi gida yana cewa injiniya ba ya son sa.

Amma duk da haka kar ka sayi amf saboda nob ɗaya. Wat 350 ɗin nan da ka gani sai a akwati mai om 4 yake bayar da shi (om ma'aunin tirjiyar sifika ga wuta ne), in ka haɗa masa akwati ɗaya mai om 8 wajen 240 za ka samu. Kuma wat ba ya tafiya yadda mutane ke zato, ko ka ninka shi biyu desibal 3 kawai ka ƙara, kunne zai ji an ɗan ƙara ne ba an ninka ba. Akwatin da za ka haɗa masa shi ne rabin maganar. Mai sifika huɗu 'yan inci 10 zai fitar maka da D da G ɗin da kake kuka da su fiye da yadda kowace kwamfiresa za ta yi. In kuɗin kwamiti zai ƙare a kan kai kawai a koma a haɗa shi da wani gajiyayyen akwatin diijee, gara Peavey ɗin sau goma.

tsohon_hannu_kakuri:

Hhhh yaran yanzu komai sai na'ura. Tun 1951 kamfanin Fender suka fito da jitar bes ɗinsu Precision mutane ke kaɗa bes a gaban jama'a, wa ya ba su nob ɗin kwamfiresa? A yatsu take malam. In E ɗinka tana ihu G tana raɗa, to ko hannunka ne ko saitin jitar. Ka ɗauki sukundireba ka sauke fikof ɗin, abin nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu, ta gefen E kaɗan, ka ɗaga ta gefen G, sai ka sake ji. Ka duba tsirkiyoyin ma, na san halinku sai su shekara biyu a jiki, gumi da ƙura sun cika su. In ba kuɗin sabbi ka cire su ka tafasa a ruwa ka shanya su bushe sosai, za su ɗan farfaɗo na wani lokaci.

Sannan ka zauna a ɗaki ka ɗauki kanka a waya kana hawa da sauka a hankali, ka saurara ka ji wane yatsa ne ya fi ɗan'uwansa ƙarfi. Yawanci na tsakiya da manuni ba sa bugawa daidai. Wannan ba amf ɗin da zai gyara maka, sai dai ya ɓoye, ranar da ka je wani wuri aka ba ka amf marar nob asiri ya tonu.

Ni dai tawa a kashe take kullum.

baba_mai_gyara:

Ɗana sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da ka ce kuɗin jama'a ne kana tsoron ɓarnatar da su, Allah Ya yi albarka.

Ni sifikun da kuke ƙonawa wurina suke ƙarewa, to bari in faɗi abin da ba a faɗa ba. Mutane sun ɗauka in amf yana da limita ko kwamfiresa shikenan sifika ta tsira. Ba haka ba ne. Sifika hanya biyu take mutuwa. Ko dai koyil ɗin ya yi zafi ya ƙone, ko kuma takardar ta yi ta fita da komawa fiye da ƙima har ta yage ko koyil ɗin ya bugi ƙasa. Limita tana taimakawa wajen bugun farat ɗaya, irin na silaf ɗin nan naku. Amma zafi fa? Kwamfiresa in ta yi yawa ƙara shi take yi. Domin da can sautin yana hawa yana sauka koyil na samun sararin hucewa, yanzu ka matse shi ka kuma ƙara bolum, ya zama wuta ce ke shiga ba ƙaƙƙautawa tun daga waƙar farko har a yi addu'ar rufewa. Masu kawo min koyil baƙi ƙirin da yawansu sai su ce ai Baba fitilar limita tana ta kamawa mun ɗauka tana tsare mana ne. Fitilar nan in tana ƙiftawa jefi-jefi ba laifi, in ta zauna a kunne to ce maka take yi ka rage.

Ɓararakar da kake ji a E kuma, ka sani E ɗin bes haz 41 ce, wato tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa ɗaya, in mai tsirkiya biyar ce B ɗin ta sauka wajen 31. Akwatuna da yawa ba sa iya fitar da wannan da ƙarfi, takardar tana ta wahala ne kawai a banza kunne bai ji komai ba. Abin da ake ji a ɗakin taro ya fi yawa daga 80 zuwa sama. Shi Hartke ɗin da ka ambata yana da jerin 'yan sandunan saita sauti guda 10, ta farko daga hagu ita ce ta can ƙasa, yara suna son tura ta sama don su ji ƙirji na girgiza, kai ka sauke ta ƙasa da tsakiya. Za ka ga ɓararakar ta ragu kuma amf ɗin ya samu ƙarfin da zai kashe a inda ake ji. Haka nob ɗin bes, ba dole sai ya kai ƙarshe ba don sunan kayan kiɗanka kenan.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi kashe kaya a garin nan. Irin waɗannan tsofaffin amf masu babbar taransifoma a ciki, in wuta ta yi ƙasa ƙarfinsu ma ƙasa yake yi. Kuna biki a fili, janareta ɗaya yana ɗauke da fitilu da fankoki da kayan diijee har da firizar masu abinci, wutar da ya kamata ta zama 230 ta sauko sosai, sai ka ji amf ɗin da ke lafiya lau a coci ya fara fasa sauti a rabin bolum. A irin wannan wurin ne limita ke biyan kuɗinta, shi ya sa tsofaffin Peavey ɗin nan suke daɗewa a hannun masu haya. Amma ku nemi sitabilaiza ko da ƙarama ce saboda amf ɗin kaɗai.

Kuma kafin ka ba da ko sisi ka juya bayansa ka karanta. Kayan hannu da yawa daga Amurka suke zuwa ta kasuwar Alaba ta Legas, na wuta 120 ne, ka soka shi kai tsaye a namu hayaƙi kawai za ka gani. Ka murɗa kowane nob kana saurare, in yana ƙarƙar ƙura ce ta hunturu, wannan ƙaramin abu ne feshi ake yi masa. Ka bar shi a kunne ya yi zafi kana kaɗawa, kar ka yarda da gwajin minti biyu. In yana da fanka ka tabbata tana juyawa.

ɗan_narayi_bes:

Kai nagode sosai Baba, nagode Oga. Tsohon hannu na ji, zan taɓa fikof ɗin yau da dare, amma tsirkiyoyina ba su kai shekara biyu ba fa haba 😂

To in na sayi mai nob ɗin a nawa zan ajiye shi? Don abokin nawa ya ce shi duk inda ya sa ji yake kamar an toshe masa sauti.

anti_situdiyo_barnawa:

Ƙanena ba wanda zai iya ba ka lamba daga nan, kuma dalilin shi ne ainihin raunin kwamfiresa mai nob ɗaya. Cikakkiya tana da wajen saita iyaka, da reshiyo, da saurin kamawa, da saurin saki, da kuma bolum na ƙarshe. Ta cikin amf kamfani ya riga ya zaɓa maka yawancinsu ya kulle, ya bar maka guda. Saboda haka yadda za ta yi aiki ya dogara da ƙarfin abin da ka turo mata. Jita mai batir 9V a ciki tana turo sauti da ƙarfi fiye da marar batir, kenan lamba 3 a wurinka tana iya zama kamar 6 a wurin wani. Ina zargin abin da ke damun abokinka kenan, ko dai jitarsa mai batir ce ya soka ta a ramin marasa batir, ko ya cika geyin, wato nob ɗin ƙarfin sautin da ke shigowa, tun daga farko, sai kwamfiresar ta kasance a danne tun kafin ya fara wani abu. In amf ɗin na da rami biyu ka shiga wanda ya dace da jitarka.

Ga yadda nake sa yaran da ke zuwa wurina su yi. Kashe ta tukuna. Saita geyin da sautinka yadda kake so a ji ka. Sai ka riƙa buga abin da ya fi ƙarfi a kiɗanka, silaf ne ko E a buɗe, kana murɗa nob ɗin a hankali har ka ji kan bugun ya fara sauka, daga nan ka ɗan koma baya kaɗan ka bar shi. In kana kiɗa a hankali bai kamata ka ji tana yin komai ba. Alamar ta yi yawa ita ce farkon sautin, ɗan tas ɗin nan da yatsa ke yi in ya saki tsirkiya, ya ɓace, ko ka ji sautin yana nutsewa sannan ya kumburo daga baya. Kuma wannan tas ɗin shi ne ke sa a ji ka tare da kik, gangar ƙafar mai ganga, in ya tafi ko bolum ɗinka ya kai ina ba za a gane me kake bugawa ba. Wani abu kuma, in kana gwada a kunne da a kashe ka daidaita ƙarar su zama ɗaya, don kunne duk wanda ya fi ƙara shi zai ce ya fi daɗi, masu shago sun san wannan sarai.

Akwai wata matsala da ta shafi bes musamman. Ƙasan sauti shi ke da nauyi, to in ka bugi E kwamfiresa ta gari ba ta bambancewa, sai ta sauke komai har da saman da ba shi da laifi. Shi ya sa wasu kamfanoni suka raba ta. Trace Elliot a tsofaffin SMX ɗinsu sun raba biyu, ƙasa da nob ɗinsa sama da nasa. TC Electronic na Denmak suka yi SpectraComp a RH450, nob ɗaya ne a waje amma a ciki ta raba sautin gida uku kowanne ana matse shi daban. Waɗannan in ka ji su za ka daina cewa ta cikin amf ado ce. Ashdown ma suna sa nob ɗaya a ABM, Ampeg a PF-500 da SVT-7 Pro. Da abin banza ne da ba su yi ta sawa ba. Fedal irin MXR M87 ta fi su ba ka iko, kuma abin da na fi so a jikinta jerin fitilun da ke nuna maka nawa take ragewa, da ido kake gani ba da zato ba. Amma lissafa, kuɗin fedal, da adafta, da ƙarin waya, da wani abin da zai iya ɓata ko a manta shi a keke ranar biki. Ga wanda ke kiɗan coci da biki ni ban ga dole ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka tunda ni ma ina waƙa a kwaya. Lokacin sujada in aka sauko ƙasa, kibod kaɗai da muryoyi, bes ya kamata ya sauko da mu, in an zo ɗagawa kuma ya tashi da mu har a ji a jiki. In ka matse sautinka da yawa wannan hawa da saukar ka kashe ta, kana shafa tsirkiya ƙara ɗaya kana dukanta ƙara ɗaya. A wurin rawa ba wanda zai damu, a lokacin sujada kuwa ana ji.

Sannan ku yi magana da mai miksarku. In kuna ɗaukar layi daga bayan amf zuwa miksa, duba ko akwai maɓallin da aka rubuta pre da post. A post duk abin da ka yi a gaba yana bin layin, a pre kuwa sautin yana fita ne tun kafin saitinka ya taɓa shi. In miksarku irin X32 ce kowane layi yana da tasa kwamfiresar, ƙananan Yamaha MG ma da yawansu suna da nob ɗaya a wasu layukan, to in kai ka matse shi ma ya matse an yi biyu kenan. Ku zaɓi mutum ɗaya ya yi babban aikin. In kuma ɗauka za a yi a situdiyo ni pre nake karɓa, don abin da aka matse tun wajen ɗauka ba ya warwaruwa.

tsohon_hannu_kakuri:

Yawwa Anti kin faɗi abin da nake nufi, hawa da sauka ai shi ne kiɗan. Su na da da kuke gani amf ɗinsu mai kwalba ne, irin SVT ɗin Ampeg na 1969 wat 300, shi da kansa in ka tura shi yake ɗan lanƙwasa sautin cikin daɗi ba tare da wani nob ba. Sai dai kansa kaɗai ya doshi kilo 40, wa zai hau da shi bene a Kakuri.

oga_sauti_kawo:

To ka gani yallaɓai, da bakinka ka ce amf ɗinsu yana matsewa da kansa, kenan su ma suna da ita ba su dai sa mata suna ba 😄 Kuma duk waƙar da ka ji a rediyo ka ce hannun mai bes ɗin nan ya zauna, an bi ta da kwamfiresa a situdiyo, tambayi Anti.

Ban ƙi maganar hannu ba. Amma silaf ko wane gwani ne, tsakanin dukan babban yatsa da fizgar G akwai tazarar da hannu kaɗai ba ya rufewa, haka abin yake. Kuma yaron nan ba a ɗaki mai labule da kafet yake kiɗa ba, rufin kwano ne da tayil da bangon siminti. Wannan ma wani abu ne da ban faɗa ba ɗazu, ƙanena in ka lura wani sauti guda ɗaya ne kullum yake cika ɗakin in ka zo kansa, sauran kuma lafiya, to ba jitarka ba ce ba kuma amf ba, ɗakin ne ke amsawa. Kwamfiresar amf ba ta san da wannan ba don ita abin da ke shigowa ta waya take ji ba abin da ke yawo a ɗaki ba. Fitar da akwatin daga lungu, kusurwa tana ƙara ƙasan sauti sosai, ka ɗan matsar da shi daga bango, in dandamalin katako ne mai rami a ƙasa ka ɗora shi kan wani abu. Ka ba wani ya kaɗa kai ka je tsakiyar kujeru ka ji, abin da kake ji a tsaye gaban akwati ba shi jama'a ke ji ba.

ɗan_narayi_bes:

Na dawo da rahoto. Na sauke fikof ta gefen E kamar yadda tsohon hannu ya ce kuma gaskiya tun a nan bambancin ya ragu sosai, ranka ya daɗe na sara maka. Sannan na koma shagon da jitata da mai gangarmu, muka gwada duka biyun. Peavey ɗin yana da nauyin sauti mai daɗi amma in na haura sama bai fito min yadda nake so ba. Hartke ɗin na bi yadda Anti ta ce, wajen 3 na tsaya, silaf ya daina tsalle kuma ban ji an toshe ni ba, da na kai shi 7 don in ji sai ga abin da abokina yake faɗa, mai gangarmu ma sai da ya ce me ya faru. Hankalina ya fi kwanciya da shi, kuma mai shagon yana da akwati mai sifika huɗu om 8 da zai haɗa mana in kwamiti sun ɗan ƙara wani abu.

Sai dai Baba abin da ka ce na gani, a bayansa 120 aka rubuta, shi mai shagon da wata 'yar ƙaramar taransifoma yake kunna shi kuma ya ce zai ba mu ita kyauta. In karɓa?

baba_mai_gyara:

Karɓa ka ba yara su yi cajin wani abu da ita, amma ba don amf ba. Waɗannan ƙananan a shago da bolum kaɗan suke iyawa, ranar da ka buɗe shi a fili za ta yi zafi wutar ta sauka, ka koma cikin matsalar da ka gudo. Duba kusa da inda wayar wuta ke shiga, an rubuta yawan wutar da yake ja, ka sayi wadda ta ninka wannan, ni da za ka ji tawa mai wat 1000 za ka nema ka huta. Kuma ka ɗaure wayarsa da ita da salatif ka rubuta 120 da babban baƙi a kai da kuma jikin filogin, don ba kai ne za ka ƙona shi ba, wani mai taimako ne zai zo da safe ranar Lahadi ya ga waya a ƙasa ya soka a bango.

Wasu ana iya juya su zuwa 230 daga ciki wasu ba a iyawa, sai an buɗe an ga taransifomar. Ka ce wa mai shagon za ka kai a duba kafin a cika kuɗi, in ya ƙi to ka san akwai magana. Akwatin ma ka sa a gwada sifikun ɗaya bayan ɗaya, ka ɗan danna takardar kowacce a hankali da yatsu a baje, in ka ji tana gogawa an taɓa ƙona ta.